Yarona ya daina lissafi da ka, babansa ya kawo masa kalkuleta

Assalamu alaikum Malama. Daga Tudun Wadan Zariya nake rubuto miki. Yarana uku, babban shekararsa takwas, yana aji uku a wata makarantar kuɗi. Babansu yana da shagon kayan masarufi a kasuwar Sabon Gari. Tun zangon da ya wuce yaron ya gano kalkuletar da ke cikin wayata, da ita yake yin aikin gida na lissafi. Da na hana shi wayar sai ya kai ƙara wurin babansa, washegari sai ga shi ya kawo masa wata 'yar ƙarama daga shago. Yanzu littafin aikin gidansa goma bisa goma ne kullum, amma da aka yi gwaji a aji sai ya dawo da uku bisa ashirin. Shekaranjiya na ba shi naira 500 ya sayo ƙosan 300, na ce nawa ne canjinka, sai ya ruga ɗaki neman kalkuleta. Da na yi magana babansa ya ce zamani ya canja, ko a JAMB akwai kalkuleta, shi kansa da ita yake wuni a shago, kuma abin da ya tuna game da haddar sau bulala ce kawai, ba ya son a yi wa ɗansa haka. Ni karatuna bai yi nisa ba, lissafi ma ya ba ni wuya a makaranta, don haka ba ni da hujjar da zan kare kaina. Maganar har ta fara zama cacar baki a gaban yara. Shin ni ce na cika tsanani? In ɓoye kalkuletar ne?

Uwar yara uku, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Har kika gama wasiƙarki ba ki kama sunan yaron ba, na ce lallai ɗan fari ne, kunya ta hana. To amma kunyar ba ta hana ki sa masa ido ba, kuma kin hango abin da littafin aikin gida ya ɓoye wa kowa, har da malaminsa.

Ba ki tsananta ba. Yaro ɗan aji uku bai kamata ya yi aikin gidansa na tarawa da ɗebewa da kalkuleta ba. Amma kada ki ɓoye ta a bayan idon maigidanki, domin in kika yi haka maganar ta tashi daga lissafi ta koma ta waye ke da iko a gida, yaron kuma zai koyi cewa abin da Umma ta hana ana samunsa wurin Abba. Wannan darasin ya fi rashin iya sau bakwai illa.

Bari in fara da maigidan naki, domin a wurinsa maganin yake, ko da yake bai sani ba. Ya ce da kalkuleta yake wuni. Gaskiya ya faɗa, na san irinta, babbar nan mai manyan maɓallai da ke kan kanta, wadda wasu ke ce wa kwakuleta. Amma ki lura da shi wata rana. In mai saye ya ɗauki abu shida kowanne naira 1,950, kafin yatsansa ya kai kan maɓalli ya riga ya san kuɗin bai kai 12,000 ba, ya ɗan gaza. A kansa ya mai da 1,950 ta zama 2,000, ya ninka sau shida, ya cire hamsin-hamsin shida, ya sami 11,700. Danna kalkuletar da yake yi don ya juya wa mai saye fuskarta ne ya gani da idonsa, a huta da gardama. Ranar da yatsa ya zame ta nuna masa 117,000, dariya zai yi ya goge ya sake. Kalkuletar tana yi masa hidima ne saboda akwai wata a cikin kansa da ke duba aikinta. Ɗanku ba shi da ta cikin kan tukuna. Duk abin da fuskar na'urar ta nuna masa, shi ne gaskiya a wurinsa.

Na taɓa shiga wani shago na ɗauki kaya uku, kowanne 1,250. Yarinyar da ke tsaron shagon ta danna ta ce 37,500. Na ce 'yata, sake dubawa. Sai ta juyo mini da kalkuletar tana nuna mini da yatsa, fuskarta na cewa Hajiya ba ni na faɗa ba, ga shi nan. Ba cuta ta yi niyya ba, sifiri ɗaya ne ya ƙaru. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wani abu a cikinta da ya motsa ya ce mata uku sau dubu ɗaya da 'yan kai ba zai taɓa kai dubu talatin ba. Da sifirin raguwa ya yi maimakon ƙaruwa, haka za ta karɓi 375 ta yi mini godiya, uban gidanta ya kwana a ciki.

Akwai dalilin da ya sa malamai ke nacewa sai ƙananan lissafi sun zauna a ka. Abin da hankalin mutum ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne ƙwarai, kamar tafin hannu yake, abu huɗu ko biyar sun cika shi. Yaron da bakwai sau takwas ya zauna masa, da an taɓo shi 56 ke fitowa ba tare da ya ci masa wuri ba, sai hankalinsa ya tafi ga ainihin tambayar. Wanda bai zauna masa ba kuwa, kafin ya gama neman 56 ya manta me ake nema tun farko. Shi ya sa za ki ga yaro ya kai aji biyar an fara lissafin rabi da rubu'i da sulusi sai ya rikice gaba ɗaya, a ce ai sabon darasin ne mai wuya, alhali ramin tun aji biyu aka bar shi a buɗe. Wanda bai san 24 tana rabuwa gida shida da gida takwas ba, yaya za a yi ya tara sudusi da sumuni? Malaman rabon gado da ke zaune a zaurukan cikin birni ba sa tsayawa neman wannan, da sun ji sumunin mata da sudusin uwa sun san daga 24 za a fitar, uku nan huɗu can. Yaron kalkuleta kuwa zai rantse miki sumuni ya fi sudusi yawa, tunda takwas ta fi shida.

Ki kwatanta da makarantar allo. Babu gidan da babu Alƙur'ani bugagge, yanzu ma har a waya yake, amma ba wanda ya ce tunda ga shi a rubuce a daina wa yara hadda. Mai hadda in ya buɗe mushafi yana karantawa, da an tsallake layi zai ji a jikinsa.

Sai dai kada in ba ki hujjar da ta wuce gaskiya, don in maigidanki ya bincika zai kama mu. Kalkuleta ba guba ba ce, kuma masu bincike ba su ce haka ba. A 1986 wasu malamai biyu a Amurka, Ray Hembree da Donald Dessart, sun tattara bincike 79 da aka yi kan amfani da kalkuleta a makarantu. Abin da suka samu shi ne, in ana amfani da ita tare da koyarwar da aka saba ta fensir da takarda, yawanci ba ta rage wa yara ƙwarewa, har ma tana sa su ƙara son darasin. Amma sun ware aji guda, aji huɗu, inda suka ga dogon amfani da ita yana tauye wa matsakaitan ɗalibai ƙwarewar lissafin farko. Ki lura da abu biyu. Na farko, shekarun da suka ware ɗin su ne ɗanki ke dosa. Na biyu, duk wannan a hannun malami ne da ya tsara yaushe za a ɗauke ta yaushe za a ajiye. Yaro shi kaɗai a tsakar gida bayan Magariba yana kwafe amsa daga fuskar na'ura zuwa littafi, wannan wani abu ne daban.

Ƙasashen da suka riga mu ganin kalkuleta ma sun yi ta kai-komo a kanta. A Ingila, rahoton kwamitin Cockcroft na 1982 ya ƙarfafa a shigo da ita makarantu. Bayan shekara talatin da 'yan kai, daga 2014, sai suka cire ta daga jarrabawar lissafi ta 'yan shekara goma sha ɗaya, manhajarsu kuma ta ce kada ta maye gurbin lissafin ka da na takarda, a bari sai wajen ƙarshen firamare. Daga 2022 ma suka wajabta wa 'yan shekara takwas zuwa tara gwajin haddar sau har sha biyu sau sha biyu, tambaya 25, kowace daƙiƙa shida. Sa'o'in ɗanki ke nan. A Singafo, wadda yaranta ke cikin na gaba-gaba a lissafi a duniya, sai aji biyar ake ba yaro kalkuleta, kuma a jarrabawar fita firamare akwai takarda guda da ba a yarda a taɓa ta ba. A Japan, ƙasar kamfanin Casio mai yin irin kalkuletar da ke kan kantar maigidanki, 'yan aji biyu rera jadawalin sau suke yi kamar waƙa har ya zauna. Masu ƙera abin ke nan.

Maganar JAMB kuma gaskiya ce, akwai 'yar kalkuleta a fuskar kwamfutar. Amma tambaya 180 ce a cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya in an raba daidai. Wanda sai ya ja linzamin kwamfuta ya danna bakwai, ya danna sau, ya danna takwas, lokaci zai ƙare masa yana tsakiya. Kuma tsakanin ɗanku da JAMB akwai shekara takwas ko tara. Zai riƙe kalkuleta, har babbar ta kimiyya irin wadda ɗaliban injiniya ke yawo da ita a Samaru, ba wanda zai hana shi. Koyon danna ta aikin yini ɗaya ne. Abin da ba a koya a yini ɗaya shi ake so ya samu yanzu.

Yanzu ga abin da na fi so ki mai da hankali a kai. Ruwa ba ya tsami banza. Yaro ba ya gudu wurin kalkuleta don lalaci kawai, yawanci akwai inda ya makale, ya ji kunya ko tsoro, sai ya sami mafaka. Na yi shekaru ina koyar da 'yan aji uku da huɗu, kuma kuskuren yaro ya fi amsarsa ta daidai gaya mini abin da ke kansa. Babbar ɓarnar da kalkuleta ta yi muku ita ce ta share kurakuran nan, malaminsa yana ta ba shi maki goma bai san akwai rami ba.

Ki zauna da shi ranar da babu makaranta, ba da fuskar jarrabawa ba. Ki rubuta masa 48 a tara da 27. In ya rubuta 75, madalla. In ya rubuta 615, kada ki yi salati ki tafa hannu, ki gode wa Allah, don ya nuna miki ciwon: ya tara huɗu da biyu ya sami shida, ya tara takwas da bakwai ya sami sha biyar, ya jera su gefe da gefe. Bai gane cewa huɗun nan arba'in ce ba. Sannan ki ba shi 402 a ɗebe 178. Amsar 224 ce, amma yara da yawa 376 suke rubutawa, domin a kowane gida ƙaramar lamba suke cirewa daga babba, ko tana sama ko tana ƙasa. Wannan yaron bai fahimci aro ba, kuma ko ya haddace sau har na sha biyu ba zai warke ba sai an koma gidan ɗai-ɗai da gidan gomomi.

Maganin wannan yana cikin tsintsiyarki. Ki kakkarya tsinke, ku ɗaure goma-goma da zare ko ƙyauro, a bar wasu a warwatse. Arba'in da takwas ita ce ɗauri huɗu da tsinke takwas. In ya tara da ɗauri biyu da tsinke bakwai, zai ga warwatsattsun sun kai sha biyar, da hannunsa zai ɗaure goma ya mai da su cikin 'yan'uwansu. Abin da malami ke nufi ke nan in ya ce a kai ɗaya gaba. In aka zo ɗebewa kuma tsinken bai isa ba, sai ya kwance ɗauri guda, aro ke nan. Yaron da ya kwance ɗauri da hannunsa sau ashirin ba ya sake rubuta 376. Marafan lemo, ƙwallon dabino, 'ya'yan tsamiya, duk suna yi. Kuma ki bar shi ya ƙirga da yatsu in yana so, matakala ce, zai bar ta da kansa in ya hau.

Ki gwada shi da Hausa kuma. Sau da yawa a makarantun kuɗin nan yaro ba lissafin ne ya kayar da shi ba, Turancin tambayar ne. Na sha ganin yaron da ya kasa tambaya a allo, amma in na ce masa kana da naira hamsin ka sayi alewar talatin, kafin in rufe baki ya ce saura ashirin. In ɗanki irin wannan ne, aikin ya zo da sauƙi.

Kin ce karatunki bai yi nisa ba. Ƙanwata, macen da ke raba kuɗin cefane ya kai ƙarshen mako, ta san tiya nawa za ta ci gidan a wata, ta riƙe lissafin adashi na mutum goma ba ta rubuta ba, ba za ta ce mini ba ta iya lissafi ba. Lissafin makaranta ne ya tsorata ki, kuma ina roƙonki kada ki ƙara faɗa a gabansa cewa ke ma ya ba ki wuya, don yara na ɗaukar wannan kamar gadon gida. Harshenmu ma da lissafinsa a ciki. Tsofaffi ba sa cewa sha takwas, sai su ce ashirin babu biyu, ko su ce ɗari gaira ɗaya. Dabarar da maigidanki ke yi da 1,950 ke nan, a hau zuwa cikakkiyar lamba sannan a sauko. Kuma har gobe in dattijo ya ce jaka biyar, kin san dubu ɗaya yake nufi ba tare da kin tsaya ninka 200 ba. Ki koya masa irin wannan ƙirgen, yara na jin daɗinsa.

Haddar sau kuma ba dutsen da ake tsammani ba ce. Jadawalin yana nan a bangon bayan littafin rubutunsa, in ya kalle shi zai ga layi ɗari daga ɗaya zuwa goma, gabansa ya faɗi. Ki nuna masa cewa uku sau bakwai da bakwai sau uku abu ɗaya ne, ki jera marafan lemo layi uku na bakwai-bakwai, ki juya tiren ya gani. Da wannan kaɗai ɗarin ta koma 55. Sau ɗaya da sau goma kyauta ne, sau biyu ninki ne, sau biyar kuwa duk yaron da ya taɓa riƙe kuɗi ya san shi. In an cire waɗannan saura 21. Sau tara yana da dabararsa, a yi sau goma a cire ɗaya: tara sau shida, sittin babu shida, 54. Saura 15 ke nan. Guda biyu a mako, a maimaita na baya kullum kamar tilawa, kafin zango biyu ya gama. Minti goma a rana ya isa, kuma ya fi awa biyu ranar Lahadi. Ana tuƙa tuwo ana tambaya, ana hanyar Islamiyya ana tambaya.

Bulala kuwa, a nan ina bayan maigidanki ɗari bisa ɗari. Mu da aka yi wa lissafin ka da safe da tsumagiya a hannun malami mun san yadda kai ke ɗaukewa in tsoro ya shigo, abin da ka sani sarai ya gudu. Da yawa daga cikin manyan da ke cewa sun tsani lissafi, dukan suka tsana. Ki gaya masa kin yarda da shi a wannan, babu duka, babu tsawa, babu kwatanta yaron da ƙannensa ko ɗan maƙwabta.

In kina son abin da zai ja hankalinsa, ki zana masa gida tara, uku-uku, ki ce ya zuba lambobi daga 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da 15. Ki sa masa 5 a tsakiya ki bar shi da sauran. Zai yi tarawa ta fi hamsin bai san yana aiki ba. Masu ganin irin wannan zane a hatimi za su ce Malama ta koma tsibbu, to ba can na nufa ba, lissafi ne tsantsa. Wani malamin Katsina, Muhammad bn Muhammad al-Katsinawi, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina irin waɗannan gidaje, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Ya kamata yaranmu su san wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Dara da carafke da lido ma duk ƙirge ne, kada ki ɗauke su ɓata lokaci.

Ita kalkuletar fa? Kyautar uba ce, kada a wulaƙanta ta. A canja mata aiki kawai. Ta zauna a wurinki ko wurin babansa, yaro ya gama aikin gida da fensir, sannan a ba shi ita ya zama shi ne malami mai duba aikin. Inda amsarsa ta saɓa da tata, kada ya goge ya kwafe, ya nemo inda aka rabu. Wani lokacin ma ku yi tsere, ke da kalkuleta shi da ka, a kan irin su shida sau goma ko ɗari a tara da hamsin. Zai riga ki, kuma ranar da ya gane kansa ya fi na'ura sauri a wasu abubuwa, kallon da yake yi mata zai canja. A yawancin ƙananan nan, in ya danna alamar tarawa da 3 ya yi ta danna alamar daidai, za ta yi ta tafiya 3, 6, 9, 12. Ya riƙa faɗin lamba ta gaba kafin ya danna.

Ki kuma nuna musu, shi da babansa, cewa na'urar ba ta da hankali. Ku danna 2 a tara da 3 sau 4 a ƙaramar ta shago, za ta ce 20. Ku danna a kalkuletar kimiyya ko ta yawancin wayoyi, za ta ce 14. Tambaya ɗaya, amsa biyu, kuma 14 ce daidai a ƙa'idar lissafi, don ana fara ninkawa kafin tarawa. Ko ki ce masa mutum 50 za su biki Kaduna, kowace mota na ɗaukar 18, mota nawa za a ɗauko a tasha? Kalkuleta za ta ce 2.777 da jerin bakwai. Babu direban da zai zo da irin wannan motar. Uku za a ɗauko, kuma mutum ne kaɗai zai san haka. Wajen aji biyar ko shida, in tarawa da ɗebewa da sau da rabawa sun zauna, sai a sake masa ita a lissafin da lambobinsa ke da yawa, inda tunanin ne abin nema ba ƙirgen ba.

Yadda za ki tunkari maigidan kuma, ba a gaban yara ba, ba kuma lokacin da ya shigo a gajiye ba. Kada ki buɗe da cewa ya yi kuskure. Ki ajiye masa littafin aikin gida da takardar gwajin gefe da gefe, goma bisa goma da uku bisa ashirin, ki yi shiru, gani ya kori ji. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ma'anar littafi ya nuna riba alhali aljihu babu komai. Sannan ki tambaye shi, in zai ɗauki yaron shago, zai ɗauki wanda ba ya iya ba da canjin 200 sai ya danna? Daga nan ki roƙe shi alfarma, ba ki ba shi umarni ba: ranar Asabar ya riƙa tafiya da yaron shago na awa biyu, ya zaunar da shi kusa da shi, duk ƙaramin ciniki ya ce masa nawa ne canji kafin a danna. Uban da ya kawo kalkuleta don ba ya son ɗansa ya sha wuya, tausayi ne ya sa shi, kuma irin wannan uban in aka ce shi ne zai zama malamin, da wuya ya ƙi. Ni a ganina ma ya fi duk wani mai lesin da za ku biya, don lissafin da ke kansa shi ne ainihin wanda yaron ya rasa.

Malaminsa kuma a gaya masa gaskiya, cewa makin aikin gidan nan na kalkuleta ne. Ba daɗi, amma in bai sani ba zai ci gaba da gini a kan rami. Ki shirya ganin makin aikin gida ya faɗo zuwa biyar ko shida na ɗan lokaci, ki kuma shirya wa kuka da fushi na mako ɗaya ko biyu. Biyar ɗin nasa ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. In an yi wata uku ana wannan a hankali amma har yanzu yana kasa gane wacce ta fi yawa tsakanin bakwai da tara, ko yana ƙanƙance ido in yana kallon allo, to a duba idonsa a asibiti, a kuma zauna da malamin a san irin taimakon da yake bukata, don akwai yaran da lambobi ke yi musu wuya ta musamman, kuma ba daƙiƙanci ba ne.

Gobe da safe ki sake aikensa sayen ƙosai. Amma wannan karon kada ki ba shi 500 guda, ki ba shi 'yan ɗari-ɗari biyar. Ki ce ya ware na mai ƙosai a hannun dama, abin da ya rage a hannun hagu, ya gaya miki nawa zai dawo da shi kafin ya fita ƙofa. In ya dawo, jibi ki ba shi 500 ɗin guda ki sake tambaya. Ki rubuto mini bayan wata ɗaya in ji abin da ya rubuta a 402 a ɗebe 178, da kuma yadda suka kwashe da babansa a shago.